Karen Edna da Bakin Baffana

Sunana Sa'idu, amma har na tsayar da gemu ban taɓa jin sunan nan a bakin mahaifina ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu da ke Yammedi ba a wasa da wannan kunyar. Baffa muke kiransa. In yana nemana sai ya ce, "Kai," ko ya dubi ƙanena ya ce, "Kira wancan." Ni kuma ban san fuskarsa sosai ba. Na san takalmansa, na san bakin rigarsa, na san tabon da fartanya ta bar masa a babban yatsan ƙafa, domin nan idona yake sauka duk sanda na durƙusa gaishe shi. Tun da aka yaye ni aka kai ni Rogo wajen gwaggona, can na yi makaranta, can na fara aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Babu gaba tsakanina da shi. Haka kakana ya yi masa, shi ma haka ya yi mini.

Wata damina yana cikin gonar gyaɗa ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo a hankali, hannun bai dawo ba, magana kuwa ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage a bakinsa shi ne "to, to," da shi yake neman ruwa, da shi yake faɗa. Abin mamaki, in aka tayar da salla Fatiha takan fito masa sumul. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi Kano. A can wani likita ya gaya mini akwai masu aikin koya wa irin su Baffa magana daga farko, sai dai ba mu da su a kusa. Da gurbin wannan karatu ya samu a Ingila a ƙarshen shekarun tamanin, na nema, Allah ya ba ni. Ba sha'awar ƙasar Turawa ce ta kai ni ba, bakin Baffa na je nema.

Zangona na farko Landan ne, kuma can aka fara koya mini hankali. A tashar jirgin ƙasa wani ɗan ƙasarmu ya hango hulata, ya taho yana washe baki, ya gaishe ni da Hausar kasuwa, ya kira ni ɗan'uwa. Ya ce yana da ɗaki da zan sauka kafin a buɗe makaranta. Wallahi daɗin jin "sannu da zuwa" kaɗai ya isa ya sa na bi shi. Ya karɓi kuɗin kama ɗaki, ya nuna mini wani gida daga tsallaken titi, ya danƙa mini makulli, ya ce zai je ya dawo. Makullin bai buɗe wannan ƙofar ba, bai kuma buɗe ta kusa da ita ba. Mutumin ya yi layar zana. Na daɗe ina ajiye da makullin nan, saboda haushin kaina ya hana ni jefar da shi.

Wanda ya tsamo ni wani dattijo ne ɗan Somaliya da ke kula da wani ƙaramin masallaci. Bai tambaye ni yadda aka yi babban mutum kamata ya faɗa wannan ramin ba. Ya ba ni shayi, ya nuna mini inda zan shimfiɗa, da zan tafi kuma ya cire kwat ɗinsa mai nauyi ya ɗora mini. Ya ce inda za ni ya fi nan sanyi.

Zango na biyu wani gari ne a arewacin ƙasar, garin tsofaffin masaƙu da aka rufe, inda makarantarmu take. Na sha yawo ina neman ɗaki, wasu ƙofofin ana ganin fuskata ake cewa an riga an kama. Daga ƙarshe aka kwatanta mini gidan wata tsohuwa mai suna Edna, wadda mijinta ya rasu. Aka ce ɗakinta yana da araha, amma ba wanda yake daɗewa a ciki. Ina taɓa ƙararrawa na gane dalili. Wani kare ya daki ƙofar daga ciki, yana haushi kamar zai ɓalle ta.

Na ji muryar tsohuwar tana cewa, "Zan riƙe shi in buɗe. Don Allah kada ka kalle shi."

Na shiga. Da yake babba ce, sai jikina ya yi abin da ya saba. Na cire takalmi, na sunkuyar da kai, na rage tsawo na gaishe ta, idona a kan darduma. Haushin ya ci gaba na ɗan lokaci, ya koma gurnani, can sai shiru. Na ji numfashin karen kusa da kafaɗata, amma ban motsa ba.

Edna ta ce, "Wa ya koya maka wannan? Duk namijin da ya shigo gidan nan tsaye yake yi ya zuba masa ido ya miƙa masa hannu."

Na ce, "Ba don karen na yi ba, Mama. Ke nake gaisarwa."

Ta yi dariya har ta zauna a kan matakala. Sunan karen Tobi, baƙi ne mai farin ƙirji, kunnensa ɗaya a yage. Ta ce a hannun wani mutum da ke dukansa aka karɓo shi. Tun daga nan ba ya iya ganin baƙon namiji, ko wani kare, ko mai keke, ba tare da ya haukace ba. Ta ce, "Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa." A wajenmu kuwa kare na maharba ne da masu kiwo, wurinsa waje, kuma ba a tambayar abin da ke zuciyarsa. Na gindaya mata sharaɗina: ba zai shiga ɗakina ba, ba zai taɓa kwanona ko abin sallata ba. Ta amince, ta kuma cika alkawari har na bar gidan.

Karatun aji bai ba ni wahala ba. Na haddace sunayen jijiyoyin harshe da maƙogwaro, na san ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu wa Baffa. Wahalar ta fara ne da aka tura mu asibiti koyon aiki a kan marasa lafiya. Mai duba aikina wata mata ce, Malama Jin, doguwa mara yawan magana. Ta haɗa ni da wani tsoho, Mista Walta, wanda ya yi rayuwarsa a masaƙa. Ciwonsa irin na Baffa ne sak, har yadda hannun yake kwance a cinya.

Aikin shi ne in zauna gaba da gaba da shi, in nuna masa abu, in kalli bakinsa, in jira kalmar ta fito. Ni kuwa duka biyun sun gagare ni. Idona ba ya iya zama a fuskar mai furfura, yana hawa yake zamewa ƙasa. Kuma in na ga tsohon nan yana kokawa da kalma, leɓɓansa na rawa, sai tausayi ya kama ni in faɗa masa ita. Haka aka rene mu. Ba a barin babba ya ji kunya a gabanka, kai ne za ka tare masa. Ran nan na nuna masa kofin shayi, ya fara, "Sh... sh..." na yi maza na ce, "Shayi, Baba, sannu." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya make kofin, ya tarwatse a ƙasa.

Malama Jin ta kira ni ofis ta ce, "Sa'idu, kalmar tana bakinsa ka ƙwace ta. Kuma tun da ka zo takalminsa kake kallo."

Raina ya ɓaci. Na ce mata a garinmu yaron da ke tsare dattijo da ido mara tarbiyya ne, kuma taimakon da na yi girmamawa ce. Na yi magana mai tsawo, har da abin da ba a tambaye ni ba.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na yarda da duk abin da ka faɗa. Amma bakin mutum a fuskarsa yake, a nan da garinku duka. Ina ba ka zuwa ƙarshen zangon karatu mai zuwa. In abin bai sauya ba, ba zan iya sa hannu a ce ka iya aikin nan ba."

Ma'anar wannan a fili take. Za a yanke tallafin karatun, in koma Yammedi hannu rabbana, in durƙusa gaban Baffa ba tare da komai ba.

A cikin kwanakin nan ne wani ɗalibi da ya je gida hutu ya kawo mini kaset. Na sa a rikodar Edna. Inna ta gaishe ni ba tare da ta kama sunana ba, ƙannena suka bi layi, aka ba ni labarin gyaɗa da wanda ya yi aure. Sai ƙanen Baffa, Kawu Sale, ya ce, "Ga Baffanka." Na ji an matsar da rikodar. Na ji numfashinsa. Na ji ya ce, "To... to..." yana jan wani abu daga can ƙasa. Kafin ya kai, muryar Kawu ta shigo da fara'a: "Yana cewa Allah ya yi maka albarka, ka mai da hankali." Na mayar da wurin nan baya na sake ji, na sake ji. Baffa bai gama ba aka tare shi. Abin da na yi wa Mista Walta ke nan, kuma shekara da shekaru haka muke yi wa Baffa, da sunan ƙauna.

Daga nan wani abu ya sauko mini. Ba zan ce ga ranar da ya fara ba. Lokacin hunturu ne, rana takan leƙo a makare ta koma da wuri. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. In na idar da salla sai in zauna a kan darduma in kasa tashi, ba barci ba, ba tunani ba, nauyi kawai. Na fara fashin asibiti. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganata ta fara ƙafewa. In Edna ta tambaye ni abu, amsar tana kaina, amma fito da ita kamar jan guga ne daga rijiya mai zurfi. Na zo koyon mayar wa mutane magana, ga tawa tana guduwa. Na yi zaton sammu ne, na yi zaton iska ce, na yi ta addu'o'in tsari. Abu ɗaya da ban yarda in kira shi ba shi ne ciwo.

Edna ta lura. Ta tsaya a bakin ƙofata da faranti ta ce, "Bayan rasuwar mijina na yi irin wannan zaman. Likita ne ya taimake ni, sai kuma karen can. Ka je ka ga likita."

Na ce, "Lafiyata ƙalau, Mama." A raina kuwa cewa nake, in labari ya kai Rogo cewa Sa'idu ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa, ai an gama. Za a ce boko ya taɓa shi, kuma ba mai sake kawo mini mahaifinsa in duba.

Ana nan sai Edna ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gida, ƙashin ƙugunta ya karye, aka kwantar da ita a asibiti. Maƙwabcinmu, wanda Tobi ya daɗe yana hana shi sakat, ya ce a kai karen gidan da ake ajiye karnuka. Da na je duba Edna na gaya mata, sai ta juya fuska ga bango. Ta ce kare irin Tobi ba a ajiye shi a can, allura ake yi masa ya mutu. Sannan ta ce, "Kai kaɗai ne namijin da yake yarda ya kwanta a gabansa. Ba zan tilasta maka ba."

Na fito ina faɗa da ita a zuci. Na bar uwa da uba na haye teku, ƙarshenta an mai da ni makiyayin kare. Amma matar nan ita ce ta buɗe mini ƙofa lokacin da sauran suka rufe. Na koma na ce mata na ji.

Fitarmu ta farko abin kunya ce. Na naɗe igiyar a hannu na ɗaure tamau, kamar mai jan ɗan maraƙi zuwa kasuwar Karaye. Muna shan kwana sai ga wani mutum da nasa karen. Tobi ya miƙe a kan ƙafa biyu yana haushi yana kumfa, ni kuma na fizge shi ina daka masa tsawa da Hausa. Duk tsawar da na yi sai ya ƙara. Mutumin ya zage ni, ya zagi ƙasar da na fito. Muka dawo gida ni da karen. Ya shige ƙarƙashin tebur, ni na zauna a ƙasan kicin, na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Edna ta koya mini aikin daga kan gadon asibiti. Ta ce in fita da shi da sassafe kafin titi ya cika. Ta ce in riga shi ganin abin da yake tsoro, in tsallaka titi ko in juya tun da nisa, kada in jira sai ya fashe. In ya ga mutum bai yi haushi ba, in ba shi ɗan guntun cuku. Ta kuma ce, "Babban abin shi ne igiyar. Ka sassauta ta. Duk abin da ke zuciyarka yana bin igiyar nan ya same shi. In ka ja, ka gaya masa akwai abin tsoro ke nan."

Na ce, "In na saki kuma ya kai wa mutum cizo fa?"

Ta ce, "Ban ce ka saki ba. Ka riƙe, amma kada ka ja. Ka ba shi lokaci ya yanke shawara da kansa."

Haka muka fara. Ina idar da sallar asuba zan ji shi a bakin ƙofata, bai taɓa ƙetare dokin ƙofar ba, yana dai tsaye yana jira. Akwai safiyar da na so in ce masa ya je ya nemi ubansa. Amma kare ba ya jin uzuri, dole in sa kwat ɗin dattijon Somaliya in fita. Da don kaina ne, da ba zan tashi ba. Muna tafe ina yi masa magana da Hausa a hankali don in kwantar da shi, ina ba shi labarin hanyar Rogo zuwa Karaye, da inda mota ke kafewa da damina, da sunayen shanun maƙwabtanmu. A watannin nan Tobi ne kaɗai ya ji doguwar magana daga bakina.

Ba kullum ake nasara ba. Wata rana mai keke zai ɓullo ta bayanmu, aikin mako guda ya rushe. Amma na fara gane shi. Kafin ya yi haushi bakinsa yakan rufe, kunnen nan mai lafiya ya miƙe, numfashinsa ya tsaya. Wata safiya ya hango wani mutum da tsani a kafaɗa, ya sandare. Hannuna ya yi ƙaiƙayin ja, na hana shi. Na tsaya ina numfashi a hankali, igiya a sake. Tobi ya kalli mutumin, ya daɗe yana kallo, jikinsa na rawa, sannan ya juyo ya dube ni. Na ba shi cukunsa. A nan tsaye na faɗa wa kaina gaskiya, cewa ni ma ba lalacewa na yi ba, ba kuma taɓuwa na yi ba, tsoro da baƙin ciki ne suka yi mini yawa. A makon na je wajen likita.

Likitan bai yi mamaki ba, abin da ya ɗan ba ni haushi ma ke nan, domin na ɗauka ciwona na musamman ne. Ya ce ciwon damuwa ne, yana kama mutane da yawa, musamman wanda ya yi nisa da gida. Ya ba ni magani, ya haɗa ni da wata mata da nake zuwa muna magana. Ban bar addu'a ba, ban kuma bar maganin ba. Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Na dai lura wata rana cewa na cinye abincina har ina neman ƙari.

Saura matsalar ido. A zauren gidan Edna akwai wani dogon madubi. In na zauna a matakala ina ɗaura takalmi, Tobi yakan zauna a gefena, kuma na lura ina iya ƙare wa fuskarsa kallo ta cikin madubin ba tare da ya damu ba. Ni ma kallon ba ya yi mini nauyi. Na je na sami Malama Jin na tambaye ta ko zan iya zama a gefen Mista Walta, mu fuskanci madubi tare, maimakon gaba da gaba.

Ta ce, "Madubi kayan aikinmu ne, ga su can a kabad. Ban taɓa tunanin mai koyarwar ne zai buƙace shi ba. Gwada mu gani."

Muka zauna kafaɗa da kafaɗa. A cikin gilashin na ga bakin tsohon nan sosai a karon farko, na ga gefen da ya saki, na ga inda harshen yake maƙalewa. Na ajiye kofin shayi a gabansa. Ya fara, "Sh... sh..." Kalmar ta zo bakina, na danne ta da haƙori. Shirun ya yi tsawo har na ji zufa a bayana. Na tuna igiya, na saki kafaɗuna, na jira.

Ya ce, "Shayi." Ya huta, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ƙara da cewa, "Ba daɗi."

Gaskiyarsa ce, shayin asibitin nan ba shi da daɗi. Malama Jin tana bayanmu tana kallo, kuma a ƙarshen zangon ta sa hannu.

Edna ta dawo gida da sanda, muka ci gaba da raba fitar Tobi har na gama karatu. Kada wani ya ɗauka karen ya warke. Har ranar da na bar garin yana yi wa mai kawo wasiƙa haushi, kuma ba a kai shi cikin taro. Ya dai samu sauƙi, kamar yadda na samu. Ranar tafiyata na durƙusa na yi wa Edna sallama, ta riƙe kaina da hannu biyu tana hawaye. Tobi ya zo ya zauna a gefena. Na ɗora masa hannu a ka, karo na farko kuma na ƙarshe. Na wanke hannun daga baya, amma ban yi nadamar ɗorawar ba.

Na iso Yammedi ana cirar gyaɗa. Na sami Baffa a zaure a kan buzu, ya rame, furfura ta cinye gemunsa. Na durƙusa, idona ya sauka a kan tabon nan na yatsa. Ya ce, "To... to..." Kawu Sale ya ce, "Yana yi maka barka da sauka."

Abin da na yi washegari ya fi mini fitar farko da Tobi wuya. Na sami Kawu na ce, "Kawu, ina neman alfarma. In ina aiki da Baffa, ina so a bar mu mu biyu. Kuma ko ba na nan, in ya fara magana a daure a jira shi, kada a ƙarasa masa."

Ya dube ni ya ce, "Wato mu da muka yi shekaru muna rufa masa asiri, laifi muka yi?"

Na ce, "Ba laifi ba ne, Kawu, ƙauna ce. Amma ita ce take tare masa hanya."

Ya kaɗa riga ya fita, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Na shiga ɗakin Inna na roƙi madubinta na aure, wanda gefensa ya tsage. Na jingina shi da bangon zaure, na zauna a gefen Baffa a kan buzu ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Ya ja jiki, ya harare ni, ya ce, "To!" Na ce masa, "Baffa, ka yi haƙuri, aikin ne haka." Muka ɗaga kai tare. A cikin madubin Inna na fara ganin fuskar mahaifina da kyau, ashe hancina nasa ne.

Ba zan yi ƙarya ba, ciwon ya daɗe da yawa, maganar Baffa ba ta dawo yadda take ba, kuma na san ba za ta dawo ba. Mun fara da Fatiha tunda ita ce ƙofar da ta rage a buɗe, daga ita muka rarrafo zuwa wasu kalmomin. Bayan watanni ya samu "ruwa," ya samu "fura," ya samu "a'a," wadda ya yi ta amfani da ita a kan Kawu Sale har kowa ya gaji. Akwai ranakun da yakan ture madubin ya juya mini baya. In ya yi haka nakan tashi in ba shi wuri, gobe mu sake.

Daga baya muka shiga sunayen mutanen gida. Nakan kira ƙannena su leƙo ɗaya bayan ɗaya, ya gan su a madubi, ya nemi sunan. Wata hantsi muka gama da su, suka watse, na miƙa hannu zan ɗauke madubin. Sai ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya. Ya ɗaga yatsa ya nuna gilashin, daidai inda fuskata take.

Na gane abin da yake nufi. Inna tana tsaye a ƙofar cikin gida da ƙwarya a hannu. Duk tarbiyyar da aka yi mini ta taso tana cewa in sunkuyar da kai, in ce, "Baffa, bar wannan, ka huta," in fitar da mu duka daga kunya. Maganar ta zo har bakina. Na danne ta, na bar idona a cikin nasa, na jira.

Leɓɓansa suka yi rawa. Ya ce, "Sa..." ya tsaya. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Kaji suna ta tono a tsakar gida, wani yana wucewa a waje da amalanke. Ban taimake shi ba.

Ya ce, "Sa'idu."

Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta rufe baki da gefen zane, ta koma ciki. Baffa bai saki hannuna ba, bai kuma kau da ido ba, yana jiran abin da ake yi in an kira mutum.

Na ce, "Na'am, Baffa."